Taurin shokazoba ba shi ne riƙon hanya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka don in ja hankalin masu motocin gudu kan kuskuren da ya zama ruwan dare, wato ɗaukar cewa da zarar ƙafar mota ta yi tauri, shi ke nan ta riƙe hanya.

Ba shokazoba ke ɗauke da nauyin mota ba, wannan aikin sifirin ne. Nata shi ne kashe lilon da sifirin ke yi bayan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami. In taurinta ya wuce kima, sai taya ta riƙa tsalle a kan gargada, kuma tayar da ba ta taɓa kwalta ba ta cin birki, ba ta shan kwana.

Akwai shokazoba mai bututu biyu, akwai mai bututu ɗaya. Mai bututu biyu ta fi sauƙin kuɗi da taushi, amma in aka matsa mata sai man cikinta ya yi zafi ya yi kumfa, ta saki. Mai bututu ɗaya tana da iskar naitirojin a matse, da ɗan fistin da ya raba iskar da mai, don haka ba ta kumfa, kuma tana saurin huce zafi. Babban aibinta: dutse ya lotsa jikinta, fistin ya cije, ta gama aiki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen rage wa mota tsayi. Sai a ɗaura gajeren sifirin a kan shokazobar da ta zo da motar. Tazarar da shokazobar take motsi ta ragu, kullum tana dukan robar da ke tsayar da ita in ta kai ƙarshe, ba a daɗewa za ka ga mai ya jiƙe jikinta. Dole su biyun su zama abokan juna. Shi ya sa kamfanin Bilstein ke yin shokazoba samfurin B6 don tsayin asali, B8 kuma don gajeren sifirin. Ragin milimita 25 zuwa 35 ya wadatar a titi. Fiye da haka hannuwan ƙafa, wato ƙarafan da ke haɗa taya da jikin mota, kan karkace, sitiyari ya riƙa fizga a kan tudu, taya ta cinye ta gefen ciki.

Sandar sitabilaiza, wadda ke rage karkatar mota a kwana, ita ma a bi ta a hankali. Ka ƙara kaurin ta gaba, mota ta ƙi shiga kwana; ka ƙara ta baya, gindinta ya nemi zamewa.

Wajen ɗaurawa, a canza biyu-biyu, dama da hagu, tare da duba robar sama da bushin. Kada a kama sandar fistin da filaya, domin ɗan kartar da ta bari zai yanke sil ɗin da ke tare mai. Notin bushin roba kuwa ba a ɗaure shi tamau mota na rataye a kan jak. A sauke ta a kan ƙafarta tukuna, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage. Daga nan a kai ta saitin tayoyi. In shokazobar mai saiti ce, a fara daga inda kamfani ya ce, a riƙa sauya danni biyu kawai, gaba daban, baya daban, ana gwadawa a hanya guda ana rubutawa.

Wassalam,
Wani mai karatu