A riƙa tambayar majinyaci me yake so ya koma yi

Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan masu gashin ƙashi a asibitocin Legas. Mutanenmu da yawa a Agege, Mile 12 da Idi-Araba suna fama da shanyewar ɓarin jiki ko karayar hatsarin babur, amma sai su yanke zuwa gashi tun ba a je ko'ina ba. Ana cewa taurin kai ne. Ni ban yarda ba.

Kawuna mahauci ne a Oko-Oba. Da ɓarin jikinsa ya shanye, takardar atisaye aka miƙa masa da Turanci, shi kuwa ko Yarbanci bai iya sosai ba. Sai da Allah ya haɗa mu da wata ma'aikaciya, ta sa ni tafinta, ta tambaye shi: "Baba, me ka fi so ka koma yi da kanka?" Ya ce alwala da sujada. A kan haka ta tsara komai: ɗaga buta, lanƙwasa gwiwa, tashi daga tabarma. Dattijon da ake lallashi ya koma shi ke tuna mana ranar asibiti.

Tun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Ina roƙon hukumomin lafiya su samar da tafintoci, mata su samu mace ta duba su in sun nema. Sarakunan Hausawan Legas kuma su ba da matasan da za su yi tafintar.

Naka,
Mai karatu daga Agege