Wasiƙa Zuwa Ga Auta, Kan Koyarwar Mai Ɗakinka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali. Ya jikin yarinya, haƙoran sun gama fitowa?

Auta, yayarka ta gaya mini an kira mai ɗakinka aikin koyarwa a firamaren bayan kasuwa, kai kuma ka ce a dakata tukuna. Maganar ta hana ni barci, shi ya sa na ɗauki biro. A waya sai ka ce "to, Inna", mu rabu a haka.

Yarinyar nan shekara 3 ta yi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, ta fito da takardar shaidar malanta ta NCE. Iyayenta sun sayar da abin da suka sayar kafin ta samu takardar nan. Ba don a ninke ta a ƙasan akwati aka yi wahalar ba.

Ka san na koyar, amma ban taɓa ba ka labarin ƙauyen da aka fara tura ni ba. Ni kaɗai ce mace a cikin malamai. Aji ɗaya cike yake da 'yan mata, amma kafin a kai aji shida sai ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Wata rana an tashi, kowa ya watse, na tarar da wata 'yar aji biyar a zaune kan benci, ta ƙi miƙewa, hawaye na zuba. Al'ada ce ta zo mata karon farko, ta ɓata mata riga, ba ta ma san mece ce ba. Na cire mayafina na ɗaura mata, na raka ta har ɗakin uwarta. Da malami namiji ne ya same ta, me za ta ce masa? Kunya kawai ta isa ta zaunar da ita a gida har abada. Bayan nan iyaye mata suka fara aiko mini da 'ya'yansu, suna cewa, "Malama, ga amana nan." Magidantan da suka rantse ba za su bar budurwa a hannun maza ba suka sassauto, don sun ga mace a bakin allo.

Kai da kanka, lokacin da take zuwa awo, ka dage sai likita mace ce za ta duba ta. Na goyi bayanka. To likitar nan daga ina za ta fito in an cire ta daga aji biyar? Wa zai riƙe ta a makaranta in kowane miji ya ce tasa matar ba za ta koyar ba?

In kuma wani ya ce maka wannan ɗabi'ar Turawa ce, ka tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata. Takan naɗa jaji, wato jagorar mata, ta ba ta malfa, jajin ta koma ƙauye tana karantar da mata da waƙoƙi. Shehu Usmanu kansa ya yi kakkausar magana kan malaman da suke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Tsoronka ban raina shi ba. Tun da aka kwashe 'yan matan Jangebe a 2021 gabana yake faɗuwa in an ambaci makaranta. Amma wannan a cikin gari take, ta jeka-ka-dawo ce, kafin azahar ta iso gida. Albashin ba yawa, wani watan ma ya yi jinkiri, wannan na sha shi. Duk da haka da shi na saya muku littattafai shekarar da mahaifinku ya kwanta ciwo.

Renon yarinya kuwa ka bar mini. Ku kawo ta da safe, ku ɗauke ta da rana, ƙafafuna da sauran ƙarfi. Ka zauna da matarka ka ji ta bakinta, ita ba za ta iya matsa maka ba saboda kawaici. Ranar Juma'a bayan masallaci ina jiran ku, ku taho da takardar ɗaukar aikin in gani da idona.

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka.