Fiye da shekara huɗu 'yan wasan Team Fortress 2 suna kuka kafin a kori 'yan maguɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka in yi magana a kan wani al'amari da manyanmu da yawa ke ɗauka shirme ne na yara, wato wasannin kwamfuta da ake bugawa ta intanet, musamman gwagwarmayar da masu buga wani wasa mai suna Team Fortress 2 suka yi har sai da kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya tashi tsaye a kan masu maguɗi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani a gida. Ɗan yayana, yaro mai shekara goma sha shida, yana zaune a zaure bayan sallar isha'i, ya sa wayarsa a caji a jikin ƙaramin batirin sola, yana buga wani wasan harbi da abokansa. Ya yi kusan minti ashirin yana laɓe-laɓe yana tattara kayan faɗa, sai kawai aka harbe shi ta cikin bango daga wani wuri da babu yadda za a yi mutum ya hango shi. Ya ajiye wayar a kan tabarma ya ce mini, "Baffa, wannan ba iyawa ba ce, manhajar maguɗi ya saka." Na tambaye shi ko ya kai ƙara, ya ce ya gaji da kaiwa. Kuɗin datar da ya ƙone a wannan dare daga kuɗin tara na makaranta ya tsimi, kuma wannan ne ya sa na ga abin ya wuce wasa.

Kamfanin Valve, wanda hedikwatarsa ke garin Bellevue a jihar Washington ta Amurka, shi ya fitar da Team Fortress 2 a watan Oktoba na 2007, sannan a 2011 ya mayar da shi kyauta ga duk mai so. Wasa ne na ƙungiya biyu, ja da shuɗi, yawanci mutum goma sha biyu a kowane ɓangare, kuma kowa yakan zaɓi ɗaya daga cikin gwanaye tara, akwai likita mai warkar da abokan tafiya, akwai injiniya mai kafa bindiga, akwai maharbi mai harbi daga nesa. Ko da yake kyauta ake shiga, kamfanin yana samun kuɗi ta hanyar sayar da huluna da kayan ado na cikin wasa da makullan buɗe akwatunan da ake samu a cikinsa, kowane makulli a kan dala 2.49. Kuma kamfanin nan shi ne mai Steam, babbar kasuwar sayar da wasannin kwamfuta a duniya, saboda haka babu wanda zai ce rashin kuɗi ne ya hana shi gyara.

Daga wajen shekarar 2020 ne wasan ya cika da abin da suke kira bot, wato ɗan wasan bogi wanda babu mutum a bayansa, manhaja ce kawai take sarrafa shi. Mutum guda yana iya sakin irinsu da yawa a lokaci ɗaya ya tafi ya yi barcinsa. Galibi maharbin nan suke zaɓa, za ka ga ɗan wasa yana juyi kamar katantanwa, kansa na kallon sama, amma duk wanda ya leƙo daga lungu sai ya sha harsashi a ka nan take, domin kwamfuta ba ta kuskuren saiti. Ba su tsaya nan ba, sun riƙa cika kunnen mutane da ƙara mai tsanani ta lasifika, suna rubuta zagi da kalaman wariyar launin fata. Wasan yana da tsarin da 'yan ƙungiya za su kaɗa ƙuri'a su kori wanda ya dame su, sai waɗannan na'urori suka koyi ɗaukar sunan ɗan wasa na gaskiya domin a rikice a kori marar laifi, idan kuma suka yi rinjaye a ƙungiya sai su haɗu su kori mutanen gaskiya ɗaya bayan ɗaya. Ɓarawo ya kori mai gida ke nan.

Matakin da kamfanin ya fara ɗauka a watan Yuni na 2020 shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma a kansa nake so masu karatu su yi tunani. Maimakon ya kawar da na'urorin, sai ya toshe bakin duk wani sabon asusu na kyauta, ba ya iya rubutu, ba ya iya magana, har sai ya sayi wani abu da kuɗi a shagon wasan. Hujjar ita ce yawancin na'urorin da asusun kyauta suke shigowa. To amma masu sakin su ba su rasa 'yan dalolin da za su biya ba, suka biya suka ci gaba da ɓarnarsu, wanda aka bari da bakin ciki shi ne yaron da ba shi da katin banki, ko wanda yake ƙasar da sayen abu da dala ke da wuya. Mu a Nijeriya mun san wannan sarai, domin an yi tsawon lokaci bankuna da dama sun dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira. A wasan da ya dogara kacokan a kan haɗin kai, a hana mutum kiran likita ko gargaɗin abokinsa cewa maƙiyi na bayansa, an raba shi da rabin wasan. Laifin wani ne aka ɗora wa talaka, kuma a ganina wannan zalunci ne ko da a cikin wasa aka yi shi.

Masu wasan sun yi haƙuri shekara biyu, sannan a ranar 26 ga Mayu, 2022 suka haɗu a Twitter ƙarƙashin taken #SaveTF2, wato a ceci Team Fortress 2, suka yi ta rubutu cikin ladabi suna nuna ƙaunarsu ga wasan tare da neman a cece shi. Shafin wasan, wanda ya yi kusan shekara biyu bai ce uffan ba, ya amsa a ranar cewa an ji kukansu, an ga girman matsalar, ana kuma ƙoƙarin gyarawa. An yi 'yan gyare-gyare a makonnin da suka biyo baya, mutane suka yi murna, amma ba a daɗe ba na'urorin suka dawo kamar ba a taɓa yin komai ba.

Sai a ranar 3 ga Yuni, 2024 suka sake fitowa, wannan karon da taken #FixTF2, wato a gyara wasan, kuma da salo dabam. Sun daina lallashi. Sun buɗe takardar koke wadda mutum fiye da 340,000 suka sa wa hannu, suka tattara hotunan bidiyo da shaidun irin ɓarnar da ake yi, har da yadda wasu masu sakin na'urorin ke bankaɗo adireshin waɗanda suka yi magana a kansu domin tsoratar da su. Sannan suka nufi shafin wasan a Steam, dubbai suka rubuta sharhin rashin gamsuwa, har matsayin wasan na kwanan nan ya faɗi warwas a kasuwar da kamfanin kansa ya mallaka. Kafin watan ya ƙare aka wayi gari an dakatar da asusun na'urorin da na masu sarrafa su da yawan gaske, mutane suka fara shiga wasa suna gama shi lafiya a karon farko cikin shekaru. Daga baya masu gangamin suka buga sunayen waɗanda suka sa hannu a matsayin littafi suka kai ofishin kamfanin.

Na yi murna da wannan nasara, amma ba zan ɓoye ba, saurin da aka yi gyaran ya ɓata mini rai. Abin da aka iya yi cikin makonni kaɗan, me ya hana a yi shi tun 2020? Kamfanin yana da tsarinsa na kama masu maguɗi mai suna VAC tun da daɗewa, kuma duk tsawon shekarun nan shagon huluna bai rufe ko na rana ɗaya ba. Wanda ya buɗe kasuwa yana karɓar haraji, shi ke da alhakin tsaron kasuwar, ba 'yan tireda ba ne za su riƙa kwana suna gadi. Masu kare kamfanin suna cewa wasan ya tsufa kuma kyauta ne, amma ni ban karɓi wannan uzuri ba, tunda har a watan Yuli na 2023 wasan ya kafa tarihin yawan masu shiga a lokaci guda, fiye da 250,000, ko da yake an yi ta muhawara a kan nawa ne mutane na gaskiya a cikinsu.

Matasanmu ba su cika buga Team Fortress 2 ba, sun fi karkata ga wasannin waya da na ƙwallon ƙafa a shagunan gem, amma cutar iri ɗaya ce. Abin da na lura da shi a wajen ɗan yayana da abokansa shi ne kowa yana cin haushinsa shi kaɗai, ya zagi mai maguɗi ya kashe waya. Masu buga Team Fortress 2 kuwa sun tsayar da rana, sun ƙirga kansu, sun ajiye shaida, suka kuma taɓa kamfanin a inda yake jin zafi ba tare da sun zagi ma'aikaci ko sun yi wa wani barazana ba. Akwai kuma wata magana mai ɗaci da dole a faɗa, wasu daga cikin yaranmu su ma suna saukar da waɗannan manhajoji na maguɗi daga tashoshin Telegram, suna alfahari da su a majalisa. Ban da cewa ha'inci ne wanda addininmu da tarbiyyarmu suka hana, irin waɗannan manhajoji sukan zo da ƙwayoyin cutar da ke sace lambobin sirri, kuma wayar da ake wasan da ita sau da yawa ita ce ke ɗauke da manhajar banki ta gidan.

Saboda haka nake roƙon jaridarka ta ware ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata, domin labaran wasannin kwamfuta da haƙƙin masu buga su, a tura wakili shagunan gem na Kano da Kaduna da Jos ya ji ta bakin yaran da kansu, a kuma bayyana wa iyaye da Hausa yadda ake kai ƙarar mai maguɗi da yadda ake gane manhajar da ba ta da aminci. Na yi wa ɗan yayana alƙawarin cewa idan aka buga wannan wasiƙa zan kai masa jaridar har zaure ya karanta wa abokansa.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Zariya, jihar Kaduna.