A riƙa tunawa da masu binciken ƙwayoyin halittar tsirrai

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah ina da ɗan ƙorafi, duk sanda jarida ta zo maganar kimiyya sai likitoci da masu zuwa sararin samaniya, amma masu binciken DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta) na tsirrai ko oho. Ka duba Pamela Ronald ta Jami'ar California da ke Davis a Amurka, tun 1995 ta gano ƙwayar gado da ake kira XA21 mai kare shinkafa daga wata cutar bakteriya, sannan a 2006 ita da David Mackill da abokan aikinsu suka gano wata ƙwayar gadon mai suna Sub1A, wadda ke sa shinkafa ta yi kusan sati biyu a nutse cikin ruwa kuma ta rayu. Shekara goma sha ɗaya fa tsakani!

Kuma aikin nan yanzu ba a gona kaɗai yake ba, wani babban ɓangarensa a gaban kwamfuta ake yi. Sai a 2000 aka kammala karanta DNA na tsiro na farko, wani ɗan ciyawa Arabidopsis, alkama kuwa sai 2018 saboda nata ya kai kusan ninki biyar na ɗan Adam, to wa zai tace wannan tulin bayanai da ido? Dole sai wanda ya san bayoloji kuma ya iya rubuta manhaja. Ni dai da za ku riƙa hira da irinsu ko sau ɗaya a wata, wallahi da na ji daɗi.

Naku,
wani mai karatu