Wasiƙa zuwa Madina: gyaran gida kafin zafi ya kankama

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Saƙonka ya iso, har da hotunan gidan da ka kama. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a.

Ka tambaye ni launin fenti da irin labule. Zan zo kansu, amma a ƙasar nan rana da ƙura ake fara sallama kafin a yi maganar ado. Lokacinka kuma gajere ne. Abin da bai kammala ba zuwa tsakiyar Mayu zai wahalar da kai, domin daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana sa ma'aikata aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, kuma fenti kansa ba ya son bango mai zafi.

Fara da bangon nan na kusa da banɗaki. Farin garin da na gani a gindinsa gishiri ne, ruwa ne ya fito da shi. Mu a Jidda laima ce ke jawo shi, amma ku iskarku busasshiya ce, don haka akwai inda yake yoyo: bututun banɗaki, ko tiyon da ke zubar da ruwan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko tanki. A toshe wannan tukuna. Sannan a kankare fentin har kamu biyu sama da inda tabon ya tsaya, a goge gishirin da busasshen buroshi. Kada a wanke da ruwa, narkar da shi zai yi ya koma ciki, bayan wata biyu ya sake fitowa ya ɗaga sabon fentin. Inda aka yi sabuwar fulasta a ba ta mako huɗu ta sha iska. Ma'ajun kuwa, wato ƙullun da ake daidaita fuskar bango da shi kafin fenti, shafi biyu marasa kauri, a goge da sanfefa, a sa fentin share fage, sannan launi. Duk mai fentin da ya ce zai haɗa maka wannan a yini guda, sallame shi.

Ga lissafi don kada a cuce ka. Ɗaki mai mita 4 da 5, tsayinsa mita 3, bangonsa murabba'in mita 54 ne. Cire ƙofa da tagogi, saura kamar 48. Litar fentin ruwa tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi guda, ke nan shafi biyu zai ci lita 8 zuwa 10, silin kuma lita 4. Launi, ni dai ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske nake zaɓa. Fari fat yana tona ƙura, ga ɗaukar ido da tsakar rana. Ka shafa gwaji faɗin tabarmar salla a bangon, ka dube shi da hantsi, ka sake dubawa bayan Magariba da fitila a kunne. Fitilar falo ta zama mai ruwan ɗorawa, wadda aka rubuta 3000K a kwalinta. Farar nan mai 6500K tana mayar da majalisa, wato falon baƙi, kamar ɗakin asibiti.

In kana son ado a bango, kada ka cika. Matan Asir suna da zanensu na cikin ɗaki da ake kira Al-Qatt, layi-layi da kusurwoyi cikin ja da kore da shuɗi da rawaya, wanda UNESCO ta sa cikin jerinta a 2017. Zobe guda na irinsa, faɗin kamu ɗaya, daidai saman matasan jingina, ya wadatar. Ko ka sa a zana maka dagi irin na sorayen Kano da Zariya a bangon da ke fuskantar ƙofa, sauran ukun a bar su haka.

Tagar yamma ita ce babbar matsalar falonka. Labule yana tare haske, amma zafin ya riga ya ratso gilashi. Magabata a tsohuwar Jidda sun gane wannan, shi ya sa suka yi wa gidajen unguwar Balad rawashin, wato ragar katako mai rufe taga daga waje: inuwa ta samu, iska ta wuce, mai wucewa bai leƙa iyali ba. Kafinta zai iya yi maka ƙaramar raga ta katako ko alminiyam, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninta da gilashin don iska ta zagaya. Daga ciki sai labule biyu, shara-shara da mai kauri. Faɗin yadin ya ninka faɗin tagar sau biyu, sandar kuma ta zarce da santimita 20 ta kowane gefe, in ba haka ba rana za ta riƙa kutsowa ta gefe ta kodar da kafet. Kafin a rataya, a liƙa robar toshe kafa a bakin tagogi da ƙarƙashin ƙofa. Guguwar ƙurar wannan lokaci ta nan take shiga.

Zaman ƙasa na majalisa, soson ne abin dubawa, ba yadin ba. Nemi mai lambar nauyi (density) 30 ko sama, zurfin wurin zama santimita 70, riguna masu zif don a cire a wanke. Ka ɗaga gefe guda ya kai santimita 40 saboda dattawa masu ciwon gwiwa. Kafet mai kauri na hunturu a kakkaɓe, a naɗe, a adana har Nuwamba.

Sai hosh, wato tsakar gida. Ragar inuwa mai kashi 80 a saman wurin zama, mai kashi 50 a saman tsirrai, a ɗaure ta da ɗan gangare kuma a ja ta tamau, don wadda ta yi sako-sako iska ce ke yaga ta daga bakin igiya. Furannin da ake baje kolinsu yanzu a wurin masu sayar da shuka, irin su fetuniya, na sanyi ne; Mayu na shiga za su ƙone. Sayi jahannamiyya (bougainvillea) ta hau bango, da ful, wato furen yasmin, saboda ƙamshin dare, da lalle, da ɗoɗɗoya. Na'ana'a kam a garinsa kake, amma ba shi tukunyarsa shi kaɗai, domin yana mamaye maƙwabta. Kada wani ya ruɗe ka da itacen bazromiya don saurin girmansa: saiwarsa tana bin danshi har cikin bututun ruwa. Darbejiya, irin wadda ke ba alhazai inuwa a Arfa, ta fi shi, amma ita ma hosh ɗinka ya yi mata kaɗan.

Tukwanen su zama na yumɓu masu huji a ƙasa. Baƙar roba tana dafa saiwa. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasar noma, ɗaya yashi, ɗaya taki wanda ya ruɓe sarai; ɗanyen taki ƙona shuka yake yi. Ban ruwa bayan Asuba. Sau ɗaya a wata ka kwarara ruwa har ya fito ta ƙasan tukunya ya wanke gishirin da ya taru, wanda alamarsa bushewar bakin ganye. Ruwan da mukayyif ke ɗigarwa ba shi da gishiri, a tara shi a bokiti, ko da yake naku ba zai kai namu yawa ba. In za a hau da wasu saman bene, ka sani tukunya mai lita 50 da jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kaiwa kilo 80. A jera su jikin bango, a ɗora kan bulo, kada su tare magudanar ruwa.

Turo mini awon tagar yamma da hoton bangon bayan an kankare, in ga ko fulastar za ta tsaya ko sai an sake ta. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, kuma in ka shiga Harami kada ka manta da mu a addu'a.

Wassalam.
Naka amini, daga Jidda.