Don na wanke kwano aka kira ni mijin tace

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili.

Watan jiya aka yi wa matata tiyata wajen haihuwa, likita ya ce kar ta ɗaga abu mai nauyi, ga surukata tana Funtuwa ba lafiya ba ta samu zuwa ba. To da asuba ni nake hura gawayi in ɗora ruwan zafi, in yi wa yara biyu wanka in shirya su makaranta, in wanke kwanukan jiya kafin in fita kasuwa. Rannan maƙwabcina ya leƙo ya tarar da ni tsugune gaban baho ina cuɗa kayan jariri, kafin la'asar an raɗa min mijin tace a majalisa.

Wallahi abin ya yi min ciwo. Baiwar Allah nan malamar firamare ce, tunda aka cire tallafin mai a 2023 albashinta ke cike giɓin cefane, ba wanda ya ce ta zama namiji. Ta dawo ƙarfe biyu ta faɗa kicin, ga wanki ga shara har dare, ni sati biyu kawai na yi bayana ya ƙage.

Kuma a Bukhari Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yana hidimar iyalinsa a gida, in lokacin sallah ya yi ya fita. Ina roƙon malamanmu su riƙa faɗar wannan a huɗuba yadda suke faɗar haƙƙin miji. Ni dai ko ta warke wanke-wanken dare nawa ne.

Naku,
Mai karatu daga Zariya