Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Amsa Ga Hajiyar Da Ta Tsare Ni Da Tambaya A Bronx

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Ranar walimar bayan Sallah kin miƙe a gaban jama'a, kin ɗaga takardar shaidarki sama, kika ce shekara uku ke nan da hukumar birnin Niyok ta amince cewa kamfaninki na shara da goge-goge na mace ne kuma baƙar fata, amma ko sisin kwabo na kwangila ba ki gani ba. Kika tambaye ni, tunda ni na cike miki fom ɗin, ko wannan zancen shigar da mata da tsiraru cikin kwangilolin birni romon baka ne kawai. Na yi ta kame-kame har aka kira la'asar. Tunda a fili kika yi tambayar, bari amsar ma ta fito fili.

Ba romon baka ba ne. Laifina ne da ban faɗa miki tun farko ba cewa takardar nan suna kawai take sa miki a rajista. Abin da ke kawo aikin daban ne, kuma na fi ganinsa ƙarara a tarihin Atlanta.

A 1973 mutanen Atlanta suka zaɓi Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin, yana ɗan shekara 35. Ya tarar da birnin da rabin mutanensa baƙaƙe ne, amma abin da kamfanoninsu ke samu a kwangilolin hukuma bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Ga kuma gagarumin aikin sabon ginin filin jirgin sama, na wajen dala miliyan 500, yana jiran a sa hannu. Sai ya ce kashi 25 na aikin sai ya shiga hannun kamfanonin tsiraru. Manyan 'yan kwangila suka ce ai babu baƙaƙen da za su iya. Ya ce to, aikin ya jira. Watanni suka yi ta wucewa, attajiran gari suna kumfar baki, shi kuwa ko gezau. Da suka ga da gaske yake, sai ga waɗanda aka ce babu su an nemo su, ana ƙulla haɗin gwiwa da su. Kamfanoni irin na Herman Russell, ɗan kwangilar gine-gine baƙar fata, a wannan zamanin suka ƙara ƙarfi. Ginin ya buɗe a watan Satumba na 1980, kan lokaci, kuma tun a 1978 kason tsiraru a kwangilolin birnin ya kusa kashi 39. Filin jirgin yau da sunansa ake kiransa, Hartsfield-Jackson.

Mutane kan riƙe lambar nan 25 su manta da abin da ya ba ta haƙora. Mutumin yana riƙe da abin da manya ke kwaɗayi, ya kuma yarda ya yi asarar lokaci da farin jini a kansa. Ban ce komai ya yi daidai ba. Arzikin ya fi taruwa a hannun 'yan gidaje kaɗan, talakan unguwa kuwa bai ga canji sosai ba. Amma ƙofar ta buɗe.

Za ki ce to me ya hana magajin garinmu ya yi haka? Kotu ce ta ɗaure hannun kowa. Birnin Richmond na jihar Bajiniya ya yi doka a 1983 cewa duk wanda ya ci kwangilar gini sai ya yanka wa tsiraru kashi 30, saboda a shekaru biyar da suka gabata kashi 0.67 kacal suka samu, a garin da su ne rabin jama'a. Rigimar da ta rusa dokar, kin san a kan me ta taso? A kan aikin sa tukwanen ban-ɗaki a gidan yarin garin. Kamfanin Croson ya kai ƙara, a 1989 Kotun Ƙoli ta ce birni ba zai ware kaso bisa launin fata ba sai ya kawo hujjar wariya a kasuwarsa shi kansa, da alƙaluma. Tun daga nan birane ke biyan masana su yi binciken giɓin da ke tsakanin yawan kamfanonin tsiraru da rabon da suke samu, kuma abin da a da dole ne ya koma buri. Babban ɗan kwangila in bai cika burin ba, yana iya kawo takardun da ke nuna ya yi iya ƙoƙarinsa, a yafe masa. Na sha ganin irin wannan ƙoƙarin: saƙo ɗaya ta imel da yammacin Juma'a, ana neman farashinki kafin safiyar Litinin.

Sai kuma 'yan sojan gona. A Shikago an kama wani ɗan kasuwa farar fata, James Duff, da ya sa sunan mahaifiyarsa a kamfanin shara, ya sa na wani baƙar fata a wani kamfanin, ya kwashi kwangilolin da suka haura dala miliyan 100. A 2005 aka ɗaure shi kusan shekara 10. Aikin shara fa, Hajiya, irin naki. Shi ya sa da jami'an hukuma suka dame ki da tambayar wa ke sa hannu a cak, wa ke ɗaukar ma'aikata, ko da gaske kashi 51 na kamfanin naki ne, na ce ki yi haƙuri. Mu da muka taso muna ganin ana ba mutum kwangila a gida ya sayar da takardar tun kafin ya fita daga sakatariya, ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Amma abin da ya fi kashe ƙananan kamfanoni ba ya cikin labaran jarida. Akwai wata baiwar Allah da nake riƙe wa lissafi, ita ma shara take yi. Wani babban kamfani ya sa sunanta a takardar neman aiki don ya cika buri, ya ci, ya yanka mata hawa biyu na wani gini. Ta ɗauki mutum shida, ta ƙara inshora, ta sayi injin goge daɓe. Ma'aikata duk mako biyu sai an biya su, ita kuwa kuɗinta sai hukuma ta biya babban, babban ya ga dama. Nan ƙasar babu kafin alƙalami irin na gida. Na zauna da ita a kicin ɗinta da daddare, ta zube katunan bashi uku a kan tebur tana lissafin wanda zai ɗauki albashin wannan makon. Wata na huɗu kuɗin suka fito. Ta biya bashi, ta sayar da injin, ta ce ita da aikin hukuma har abada. A rahoton ƙarshen shekara kuwa an ƙirga ta cikin matan da suka amfana.

Don haka in 'yan majalisar birni suka zo neman ƙuri'a, kada mu tsaya tafa wa alƙawarin kaso. Ofishin mai binciken kuɗin birnin nan ya sha fitar da rahoto cewa rabon mata da tsiraru yana yawo ne wajen kashi 5, kuma yawancin masu takarda irin taki ba sa samun komai. Mu tambaye su ko za a daddatsa manyan kwangiloli, maimakon a haɗa gine-gine talatin a ba mutum ɗaya. Mu tambaye su kwana nawa ƙaramin ɗan kwangila zai jira kuɗinsa, da kuma abin da zai sami babban da ya ari sunan mace ya ci aiki sannan ya watsar da ita. Wannan ta ƙarshen ita ce ba sa son ji.

Ke kuma akwai ƙofar da ban nuna miki ba, kuma nan ne na fi jin kunya. Doka ta ba ma'aikatun birni damar sayen aiki kai tsaye daga masu takarda irin taki, ba tare da doguwar gasa ba, kuma a 2023 an ɗaga iyakar zuwa dala miliyan ɗaya da rabi. Sai dai jami'in saye ba ya kiran wanda bai sani ba. Kowace ma'aikata tana da jami'in da aka ɗora wa kula da kamfanonin mata da tsiraru. Shekara uku ba mu ƙwanƙwasa ƙofar ko ɗaya ba. Na kuma duba rajistarki a PASSPort, shafin da birni ke tallata ayyukansa, na ga lambar sana'a ɗaya tal muka sa miki, alhali kina wankin kafet da gilashi da kwashe tarkacen bayan gini. Wanda ya nemi waɗannan ba zai gan ki ba.

Ban yi miki alƙawarin kwangila ba, ranki ya daɗe. In ma ta zo, shawarata ki fara da ƙarama wadda za ki iya ɗaukar albashinta na wata uku ba tare da kin taɓa kuɗin adashi ba.

Ranar Asabar bayan azahar zan biyo ta shago. Ki ajiye mini takardun haraji na shekara biyu, da na inshora, da sunayen gine-ginen da kike sharewa yanzu. A gaida Alhaji da yara.

Ƙaninki,
mai cike fom